Amanar Makiyayi da Na Makara da Ita

Shekara ashirin ke nan cif da rasuwar abokina, kuma ba zan rubuta sunansa ba. Editan wannan shafi ya bugo mini waya har sau biyu yana cewa, "Haba Malam Kabiru, ina ka taɓa ganin an yi waiwaye a kan mamaci babu suna?" Na ce masa to yau ya gani. Mutanensu ba sa ambaton sunan wanda ya tafi. Ni kuwa na taɓa ambatonsa a inda bai kamata ba, kuma har yau ban warke daga abin da bakina ya ja mini ba. Saboda haka zan kira shi da sunan tsokanar da na raɗa masa yana da rai, wato Makiyayi.

Ni ɗan Fagge ne. Cacar biza ce ta kawo ni New York ina saurayi, na yi shekara biyu ina wanke-wanke a wani gidan abinci, sannan na shiga sojan kundumbala, waɗanda a nan ake kira Marin, don an ce in ka gama za su ɗauki nauyin karatunka. Ban daɗe da sa kaki ba aka kwashe mu sai Iraƙi. Don Allah kada wani ya gyara zama zai yi mini wa'azi. Shekara ashirin ina jin wannan wa'azin a ƙofar masallaci, daga bakin mutanen da ba su taɓa jin ƙarar da ta wuce ta fashewar taya ba. Na san abin da na je na yi, na san abin da zan amsa a gaban Allah. Yau ba wannan ya zaunar da ni ba. Wata 'yar jakar fata ce da ba ta kai tafin hannuna ba, wadda aka ba ni amana, na riƙe ta shekara goma sha tara fiye da yadda ya kamata.

Makiyayi ɗan ƙabilar Nabaho ne, 'yan asalin ƙasar nan tun kafin Bature ya san da ita. Ƙasarsu can yamma take, jan dutse da rairayi da tumaki. Horo ne ya haɗa mu, horon ma a kan laifi ɗaya. Sajan ɗinmu yana magana, ni na sunkuyar da kai kamar yadda aka koya mini a gida, ashe wani ma a ƙarshen layi ya sunkuyar. Sajan ya ce raini ne, ya sa mu tsallen kwaɗo har ƙafafunmu suka daina jin magana. Muna kwance muna haki na tambaye shi me ya hana shi kallon mutumin. Ya ce a gidansu ba a zura wa babba ido. Na ce a namu ma haka. Da na tambaye shi ina famfo yake, bai ɗaga hannu ba, sai ya turo leɓe ya nuna mini. Wallahi na yi dariya har da hawaye, don rabona da ganin an yi nuni da baki tun ina gaban Innata.

Da muka isa fagen daga, mu biyu ne kaɗai muke tashi da asuba ba tare da an tashe mu ba. Ni in yi alwala da ragowar ruwan gora, shi ya tsaya can gefe ya kwance bakin jakarsa. Garin furen masara ne a ciki, wannan rawayan garin da ke zubowa in masara ta yi fure. Sai ya ɗan taɓa a harshe, ya taɓa a ka, ya watsa kaɗan wajen fitowar rana yana magana a hankali da yarensu. Abin haushi, a ƙasar can alƙibla ta karkata kudu, don haka shi ne yake kallon gabas, ni Bahaushe na ba gabas kafaɗa. Da na gaya masa a wurinmu "mai kallon gabas" yabo ne, sai ya riƙa tsokanata cewa ya fi ni. Bai taɓa ce mini in taɓa garinsa ba, ni ma ban taɓa ce masa ya hau dardumata ba. In ina salla a fili, shi yake riƙe da bindiga a bayana har in sallame.

Mutum ne marar surutu, amma in aka taɓo tumaki sai ka rasa ta inda za ka tsayar da shi. Ya san kowace tunkiyar tsohuwarsa da halinta. A wurinsu mata ne masu garke, kuma ta wajen uwa ake lissafin dangi. Ya ce mini a cikin garken aka binne cibiyarsa, shi ya sa duk inda ya je hankalinsa yana can. Na ce mu ma muna binne cibiya a bayan ɗaki. Jakar kuwa tsohuwar ce ta ɗinka da hannunta, ta cika ta da garin masarar gonarta, ta ce masa aro ta ba shi, shi da kansa zai dawo mata da ita, sannan a yi masa irin wankan da suke yi wa wanda ya dawo daga yaƙi don a raba shi da abin da idonsa ya gani.

Ranar da abin ya faru, da safe muna shirin fita sintiri igiyar jakar ta tsinke. Ya miƙo mini ya ce, "Riƙe mini, aljihunka yana da zif. In ban karɓa da yamma ba, hannun tsohuwa za ka kai. Hannunta, ba gidan waya ba." Na ce ya daina maganar banza. Shi aka sa a motar gaba, ni a ta uku. Kafin azahar bam ɗin da aka binne a gefen hanya ya tashi da motarsu. Iyakar abin da zan faɗa ke nan game da wannan rana.

Bayan shekara guda aka sallame ni, na dawo New York, na yi aure, na kama hanyar ƙasarsu don in yi ta'aziyya. A nan ne nake so mai karatu ya ga wauta da idonsa. Na tafi da zuciya ɗaya, na tafi da ladabin da Fagge ta koya mini, ban tambayi kowa komai ba. Ƙanwarsa, wata malamar firamare mai suna Lusi, ita ta tarbe ni, ta kai ni wani ɗaki mai zagaye kamar ɗakin kara, ƙofarsa tana kallon gabas. Tsohuwa tana zaune a kan buzu. Na durƙusa, na buɗe baki na kira sunan ɗanta, na ce wane mutumin kirki ne, wane ya yi mini kaza, wane bai taɓa cin abinci ya bar ni ba. Na ga Lusi ta daina fassarawa, na ɗauka kuka ne ya ci ƙarfinta. Sai na zuge jakar goyona, na fito da hularsa da agogonsa da wata rigar sanyi da ya bari a kan gadona, na jera a gaban tsohuwar. Na ɗora da abin da nake ganin shi ne ƙarshen girmamawa, na ce matata tana da ciki, in namiji ne zan yi masa takwara. Jakar garin tana cikin aljihun ƙirjina, na bar ta sai ƙarshe don ita ce babba.

Ban kai ƙarshen ba. Tsohuwa ta ja mayafinta ta rufe fuska, ta miƙe, ta raɓa ta bayan kayan kamar mai kauce wa garwashi, ta fice zuwa garke.

Lusi ta ja ni waje ta yi mini bayani cikin sanyin murya. Ba duk mutanensu ke riƙe da wannan ba, in ji ta, amma gidansu na gargajiya ne. Kwana huɗu ake makoki, daga nan ba a sake kiran sunan mamaci, don kada a dawo da shi daga tafiyarsa. Kayan da ya bari ba a shigo da su ɗaki. Ta roƙe ni in kwashe su in mayar mota, ta ce in kwana a gidan kawunsu, da safe a yi magana. Ni kuwa me kunnena ya ji? Ya ji an kore ni. Na yi tafiyar kwana biyu, na durƙusa a gaban tsohuwa, ta tashi ta bar ni kamar wanda ya zo roƙo. A Kano ko maƙiyinka ne ya zo maka gaisuwar mutuwa ai ka amsa masa. Kunya ta haɗu da zuciya, zuciya kuwa mugun nama. Na ce a raina, in hula ta sa ta rufe fuska, jakar da yake taɓawa kullum fa? Na tayar da mota ban yi wa kowa sallama ba. Baƙo ko da ido makaho ne, amma ni makahon da aka miƙo wa sanda ne ya ture.

Haka na dawo da ita. Na yi karatuna, na samu aikin ɗaukar hoton ƙashi a wani asibiti a Manhattan, muka zauna a unguwar Tompkinsville da ke tsallaken ruwa. Allah bai ba ni namiji ba, 'yan mata uku ya ba ni, masu jin Hausa su amsa da Turanci, don haka maganar takwara ta mutu da kanta. Kullum da safe ina shiga feri, wato jirgin ruwan fito, daga tashar St. George, kuma a kan wannan ruwan na fi tuna Makiyayi. Ya taɓa cewa in an gama yaƙi zai zo ya ga garin da mutane suke kwana a kan junansu kamar kaji a akurki. Da ya zo, me zai ce? Ina jin zai fara tambayata ina gabas take, don dogayen gidajen nan sun cinye ta. Zai ga masu yawon buɗe ido suna turereniya a jikin ƙarfe don ɗaukar hoton mutum-mutumin da ke tsakiyar ruwa, zai turo leɓe ya nuna mini su ya yi shiru. Kuma na tabbata zai ji abin da nake ji in baƙo ya ga hular sojana ya ce ya gode da hidimar da na yi wa ƙasa, ya wuce kafin in amsa. Yanzu 'yan makaranta ma sai an nuna musu ƙasar da muka je a taswira. Kakan Makiyayi ya sha bulala a makarantar gwamnati saboda ya yi yarensu, daga baya gwamnatin ta neme shi ya yi mata aikin sirri da yaren a babban yaƙin duniya. Jikan ya ba ni wannan labari yana murmushi, ni ne na yi fushin a madadinsa.

Mutanenmu ma ba su sauƙaƙa mini ba. Ranar da Hajiya Rabi, matata, ta tsinci jakar a cikin akwati muna sauya gida, salati ta saka, ta ɗauka laya ce. Na yi mata bayani, ta ce to me take yi a gidanmu? Na kai maganar gaban wani malami a masallacinmu, bai bari na gama ba ya ce kayan tsafi ne, in jefa a ruwa in yi istigfari. Kuma na kusa. Akwai safiyar da na tsaya a bayan feri da jakar a hannuna, na miƙa hannun har ya wuce ƙarfe, sai na janyo shi, na mayar da ita aljihu. Wanda ya faɗa mini gaskiya tela ne, Alhaji Mahamadu ɗan Maraɗi, mai shago a titi na 116. Ko ɗagowa daga kan keke bai yi ba. Ya ce, "Soja, amana ba ta da addini. Ranar hijira ma sai da aka bar mai mayar wa mutanen Makka ajiyarsu, su kuwa ba salla suke ba. Kai dai girman kai ke damunka, wallahi." Na ji haushinsa na wata uku, na kai ɗinkina wani wuri. Kowace shekara in ce bana zan je, sai aiki, sai haihuwa, sai tafiya gida. Duk ƙarya ce. Tsoron sake durƙusawa a tashi a bar ni nake yi.

Bara Innata ta rasu a Kano. Ban samu jana'iza ba, muka zauna karɓar gaisuwa a falonmu, maza a kan tabarma, mata a ciki. Ana cikin addu'a sai ga wata abokiyar aikina, Baturiya mai kirki, ta hau feri ta zo takanas da furanni a hannu ɗaya, kwalbar giya mai tsada a ɗayan, ta ratsa tsakiyar dattawa ta rungume ni. Wani tsoho ɗan Zango ya tattara babbar rigarsa ya fita baranda. Baiwar Allah ta duba fuskoki, ta gane ta yi ɓaranɓarama, ta ajiye kayan ta juya da gudu-gudu. Hajiya Rabi ta bi ta har ƙasan bene da kwanon waina, ta riƙo hannunta ta dawo da ita ɗakin mata. Da jama'a suka watse, Hajiya ta tsaya a kaina ta ce, "Baban Zainab, ka ga kanka yau? Da ta tsere, mu da muka san zuciyarta za mu riƙe ta da laifi? Kai wa ka tsaya ya biyo ka da kwano?"

A satin na rubuta wa Lusi wasiƙa zuwa tsohon adireshinsu. Bayan kwana goma ta kira ni. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Ta ce ranar da na tafi, tsohuwa ba gudu na ta yi ba. Sunan da kayan sun girgiza ta, ta fita ta sha iska, amma tana cikin garken ta zaɓi tunkiya mafi ƙiba ta ce a yanka wa abokin ɗanta da safe. An yanka. Aka je gidan kawu kirana, aka tarar ko kwana ban yi ba. Ɗanta ya sha ba ta labarina a waya, dogon nan mai wanke ƙafa da asuba, kuma tana da tambayoyi da ta tanadar mini: ko ya ci abinci a ranar, ko ya ji jiki, ko jakar tana tare da shi. Kayan soja da aka aiko babu ita a ciki, don haka ta yanke cewa ta zube a baƙuwar ƙasa, abin ya tsaya mata a rai shekara da shekaru. Da na ce jakar tana hannuna, kuma yana raye ya ba ni, sai Lusi ta ce abin da mai rai ya miƙa maka da hannunsa ai ba kayan mamaci ba ne, da na fito da ita a ranar da an karɓa hannu biyu. Sannan ta ce in zo, amma in sani shekara uku ke nan tsohuwa ta rikice, idonta ya tafi, wani lokaci ita kanta Lusi ba ta gane ta.

Da-na-sani ƙeya ce. Shekara goma sha shida matar nan tana da hankalinta, tana da tambaya, ni ina da amsa, ina nan ina hawa feri ina sauka.

Na je a watan da ya wuce. Wannan karon sai da na tambayi Lusi yadda zan shiga da inda zan zauna da abin da ba zan faɗa ba. Da hantsi ne, an fito da tsohuwa bakin ƙofa tana shan rana, ta ƙanƙance kamar yarinya. Na durƙusa ban ce uffan ba, na kamo hannunta na sa jakar a ciki. Yatsunta suka bi ɗinkin a hankali, har inda igiyar ta tsinke. Ba wanda ya nuna mata, ta kwance bakin, ta taɓa garin a harshe, ta taɓa a ka, ta watsa kaɗan wajen rana. Sai ta laluba ta kama fuskata, ta yi magana. Lusi ta toshe bakinta da hannu, sai da na roƙe ta sannan ta fassara. Cewa ta yi, "Ka dawo mini da ita. Amma ka daɗe."

Tun da na dawo nake auna abin a raina. Na tambayi Alhaji Mahamadu ko na sauke amana, tunda hannun da aka ce in kai na kai, amma mai hannun ba ta san wa ya kawo ba. Ya ce Allah ne masani, ya ci gaba da taka kekensa. To me ya rage na Makiyayi bayan shekara ashirin? Yaƙin da ya ci shi an naɗe shi an ajiye, waɗanda suka tura mu sun yi ritaya suna wasa da jikoki. Ba shi da ɗa, ba shi da takwara, hularsa da agogonsa suna cikin akwatina don ba mai karɓa. Akwai jikokin tumakinsa a garken da cibiyarsa take. Akwai wani Bahaushe mai furfura a Tompkinsville da har yau in ya sallame sallar asuba yakan waiga bayansa. Ban san ko wannan ya isa a kira shi abin da mutum ya bari ba, kuma ba zan yi wa kowa ƙaryar cewa raina ya yi sanyi ba. Haushin kaina nake ji, kuma ina ganin da shi zan mutu.

Abu ɗaya na ɓoye wa edita, shi ne ainihin dalilin da ya sa ba zan ba shi sunan ba. Da na miƙe zan tafi, tsohuwa ba ta saki rigata ba. A lissafinta ɗanta bai mutu ba, ga shi ya dawo da aron da ta ba shi, don haka babu abin da ya hana ta kiransa. Sunan nan da na ambata aka bar mini ɗaki, sunan da mutanen gidan ba su furta ba shekara ashirin, shi ta ɗaga murya ta kira ni da shi. Na dubi Lusi, ta kawar da kai tana kuka. Tsohuwa ta sake kira, a karo na biyu da ɗan faɗa-faɗa, irin na uwar da ta gaji da jira.

Na koma na durƙusa, na ce, "Na'am, Inna."